FASHIN BAƘI: Darasi a wayar hannu, wanne ke koyarwa, wanne ke cinye data kawai?

A shekarun 2009 da 2010 an buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a ƙauyuka 113 na jihohin Dosso da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services ce ta gudanar da su, maza da ajinsu, mata da nasu, ana koyar da karatu da lissafi a harsunan mutanen, galibi Hausa da Zabarmanci. Darasin iri ɗaya ne a ko'ina, sai abu guda da aka ƙara a kusan rabin ƙauyukan, waɗanda aka fitar ta hanyar ƙuri'a: an koya wa ɗalibai sarrafa ƙaramar waya mai madannai, yadda ake kunna ta, yadda ake gane lambobi da haruffan da ke jikinta, da yadda ake rubuta saƙon tes. Kowane mutum biyar aka ba su waya ɗaya su riƙa karɓa-karɓa.

Binciken da Jenny Aker, wadda a lokacin take Jami'ar Tufts a Amurka, da abokan aikinta biyu suka wallafa a 2012 ya nuna cewa ɗaliban ƙauyukan da aka bai wa waya sun zarce sauran a jarrabawar rubutu da ta lissafi. Wata bakwai bayan rufe aji, lokacin da mai koyon karatu da girma kan fara mance abin da ya koya, tazarar da suka bayar a lissafi tana nan.

Babu darasi ko ɗaya a cikin waɗannan wayoyi. Ba manhaja, ba bidiyo, ba intanet. Abin da wayar ta samar wa ɗalibin shi ne dalilin taɓa harafi bayan an tashi daga aji. Manomin da ke son jin farashin gero a kasuwar da ke nesa, da matar da mijinta ya tafi ci-rani, duk sun san saƙon tes ya fi kira araha, sai dai kuma saƙon ba ya rubutuwa sai da karatu.

A daidai wannan zamani ƙasar Peru ta bi wata hanya daban. Ta sayi ƙananan kwamfutoci sama da 800,000 a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, ta raba wa yara. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya duba makarantun firamare 319 na karkara bayan wata 15, ya tarar yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma makinsu na lissafi da na harshe bai motsa ba. Nijeriya ma ta ɗanɗana wannan shiri a wata firamare da ke Galadima a Abuja a 2007, sannan a 2013 jihar Osun ta ƙaddamar da Opon Imo, na'urorin karatu na ɗaliban babbar sakandare. Muhawarar da ta biyo bayan na Osun ta fi karkata ga nawa aka kashe da guda nawa aka raba. Tambayar ko ɗalibi ya ƙaru ba ta samu irin wannan kulawa ba.

Tsakanin Damagaram da Peru akwai abin da masu tsara darussan waya suka daɗe da ganewa, masu ba da kwangila kuma suke yawan tsallakewa: ana fara tsara darasi ne daga halin da mai koyo yake ciki, sannan a nemo na'urar da ta dace da shi.

Wayar wa ake magana a kai?

Mai tsara manhaja a ofis mai janareta da intanet marar yankewa yakan ƙaddara cewa kowane yaro yana da babbar waya tasa ta kansa. A mafi yawan gidajen Arewa wayar ta uba ce, kuma tana fita da shi tun da safe, sai bayan Magariba ta dawo, cajinta saura kaɗan. In ta uwa ce, sau da yawa ƙarama ce mai madannai. Rahotannin shekara-shekara na GSMA, ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta duniya, sun sha nuna cewa mata a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa kamo maza wajen mallakar babbar waya da shiga intanet. In kuwa ta babban wa ce, sai ya gama hirarsa, kuma yana iya karɓe abarsa a tsakiyar darasi.

Daga wannan hali abubuwa da yawa suke fitowa. Manhajar da ta ce sai an shigar da adireshin imel da lambar sirri mai haɗe da alamomi kafin a ga darasin farko ta riga ta sallami rabin masu zuwa tun daga zaure. Wadda ba ta iya riƙe sunayen yara uku ko huɗu a waya guda, kowa da inda ya tsaya, za ta cakuɗa karatun ƙani da na yaya. Wadda kuma ba ta ajiye matsayin ɗalibi idan kira ya shigo ko waya ta mutu, za ta maido shi farko kullum har ya gaji ya bari.

Sai batun kuɗi. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni ƙarin farashin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kira da saƙo da data. Bidiyo na awa guda yana cin ɗaruruwan megabait, alhali saƙon murya na minti guda a WhatsApp bai kai megabait ɗaya ba. Duk wanda ya zaɓi bidiyo a inda murya da hoto guda za su wadatar, ya ɗora wa iyaye haraji ne ba tare da ya tambaye su ba. Kamfanin uLesson, wanda Sim Shagaya ya kafa a 2019, ya fara ne da sayar da darussansa a cikin memori saboda ɗalibi ya kalla ba tare da ƙona data ba. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a nan. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da shagunan caji na kusan kowane gari, masu tura finafinai da waƙoƙi da tafsiri sun shafe shekaru suna cika wa mutane memori a kan kuɗi kaɗan, daga nan kuma abin ya riƙa yawo daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth. Hanyar rarraba darasi kenan a shimfiɗe, mai isa inda sabis bai kai ba, amma da wuya a ji shirin ilimi na gwamnati ya waiwaye ta.

Akwai dalili na biyu da ya sa darasi zai iya aiki ba tare da intanet ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Yankunan da rashin tsaro ya fi rufe wa makarantu, waɗanda ake cewa domin su aka ƙirƙiri karatu daga nesa, su ne suka wayi gari babu sabis na tsawon makonni.

Gwargwadon abin da allo zai ɗauka

Lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, abin da ɗalibai da yawa suka samu a matsayin karatu ta waya shi ne hoton shafukan littafi, ko takardar PDF da aka tsara domin bugawa a babbar takarda. A fuskar waya sai an ja rubutun da yatsu biyu, a tura hagu a tura dama kafin a karanta layi guda. Wasu malaman kuma suka ɗauki kansu a bidiyo suna koyarwa minti arba'in a gaban allon bango da ba a iya ganin abin da ke kansa. An kwashe aji ne ɗungurungum aka cusa shi a waya, kamar a ce za a juye randa a cikin moɗa.

A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun nazarci kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a dandalin karatu na edX. Sun gano cewa komai tsawon bidiyon, matsakaicin mai kallo ba ya wuce kimanin minti shida. Kuma waɗannan manya ne da suka kawo kansu, akasarinsu a gaban kwamfuta. Yaron da ke riƙe da wayar aro, ƙannensa na leƙe ta kafaɗa, saƙonni na faɗowa daga sama, ba zai fi su haƙuri ba.

Gajarta darasi kaɗai ba ta isa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, masanin halayyar ɗan Adam na Jamus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi maimaitawa a zama guda. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ƙara wani abu: ɗaliban da aka sa suka rufe takarda suka kawo abin da suka karanta da ka sun fi tunawa bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta sake karantawa, duk da cewa masu sake karantawar sun fi jin sun iya.

Wanda ya yi makarantar allo zai ga kamar an ba shi labarin gidansu. Malam yana rubuta wa yaro gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Yaro ya yi ta nanatawa, sannan ya zo ya biya a gaban malam, a gyara masa kuskure nan take. Ba a wanke allo a yi sabon rubutu sai na jiya ya zauna, ga kuma tilawa da ke dawo da karatun baya domin kada ya zube. Ana iya yin doguwar muhawara a kan halin da tsarin tsangaya yake ciki a yau, kuma akwai abin faɗa da yawa, amma wannan jeri na kaɗan-kaɗan, biyawa, gyara, da komawa baya, shi ne dai abin da manhajojin da suka yi nasara suke kwaikwayo da lissafin kwamfuta. Darasin waya mai kyau yana ɗaukar abu guda, ya bayyana shi cikin 'yan mintuna, ya yi tambayar da sai ɗalibi ya yi tunani kafin ya amsa, ya faɗa masa dalilin kuskurensa, sannan ya dawo masa da irin tambayar bayan kwana biyu, ya sake bayan mako. Wanda babu tambaya a cikinsa, kallo ne kawai.

Haruffa 160 da suka koma 70

Akwai wata ƙaramar matsala ta fasaha da ta shafi Hausa kai-tsaye, wadda ba kasafai ake jin ta a taron ƙaddamarwa ba. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160 ne idan duk haruffan suna cikin jerin da aka tsara wa wayoyin GSM tun asali, jerin da aka gina a kan harsunan Turai. Haruffa masu lanƙwasa na Hausa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa ciki. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga saƙo, sai gaba ɗayansa ya koma wani tsarin da ke ɗaukar haruffa 70 kacal. Darasin da za a aika da saƙo guda a Turanci sai ya zama saƙo uku a daidaitacciyar Hausa, kuɗin ma ya ninka haka. A wasu tsofaffin wayoyin kuma harafin ba ya fitowa sam, sai wani ɗan akwati a gurbinsa.

Mafita mai sauƙi ita ce a zubar da lanƙwasar, kuma haka ake yi. Babba da ya iya karatu zai gane daga ma'anar jimla. Amma ga yaron da yanzu yake haɗa baƙi da wasali, an mayar masa da ƙafa kafa, baƙi ya zama baki, ɓari ya zama bari. Ana koya masa kuskure da kuɗin da aka ware domin koya masa daidai. Mai tsara darasin karatu na farko ta saƙon tes dole ya zaɓa: ko ya biya kuɗin ƙarin saƙonni, ko ya mayar da wannan ɓangare zuwa murya da takarda, ya bar wa tes lissafi da tunatarwa.

Saƙon tes yana da amfaninsa ga wanda ya riga ya iya karatu. A Kenya, kamfanin Eneza Education tare da Safaricom sun gudanar da Shupavu 291, inda ɗalibi ke karɓar gajeren bayani da tambayoyi a ƙaramar waya, ya amsa, a ba shi sakamako. Sai dai a inda matsalar ita ce karatun kansa, rubutu ba zai yi wa wanda bai iya shi ba jagora. Nan murya take shigowa, ko ta kiran da ake danna lamba a zaɓi darasi, ko ta saƙon murya. Jama'ar da ta saba da rediyo, take sauraren littattafan Hausa ana karanta mata a YouTube, ba ta buƙatar a koya mata koyo da kunne. Abin da take buƙata shi ne Hausar da aka yi tunaninta da Hausa. Darasin lissafin da aka fassara kalma bayan kalma daga Turanci, da misalan kayan marmarin da yaro bai taɓa gani ba, yana ba shi aiki biyu. Mudu da tiya da canjin naira ɗari biyar sun fi kusa da shi.

Muryar mutum a ɗaya gefen

Gwajin da ya fi fito da wannan batu fili an yi shi ne a Botswana a 2020. Ƙungiyar Young 1ove, tare da masu bincike Noam Angrist da Peter Bergman da Moitshepi Matsheng, ta kasa gidaje kusan 4,500 gida uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko ba a yi musu komai ba. Na biyu ana aika musu tambayoyin lissafi ta tes kowane mako. Na uku ana aika tes ɗin, sannan wani ya kira na minti 15 zuwa 20, iyaye su buɗe murya, a bi tambayoyin tare da yaron. A ƙarshe, tes shi kaɗai bai haifar da bambancin da za a dogara da shi ba. Tes haɗe da kira ya ɗaga iya lissafin yaran, a kan kuɗi kaɗan. Daga baya aka maimaita gwajin a Indiya da Kenya da Nepal da Filifin da Uganda, kiran ya sake nuna amfani.

Bai kamata a ɗauka cewa kowane kira magani ne ba. A Saliyo an gwada kiran malamai domin tallafa wa darussan rediyo a lokacin annobar, masu binciken ba su ga ƙarin maki ba. Abin da ake ganin yana taimakawa shi ne mai kiran ya fara gano inda yaron yake, ko tarawa ce ta tsaya masa ko ɗebewa ko rabawa, ya koyar da shi daga nan, ba daga inda jadawalin ajinsa ya ce ya kai ba. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, ta koyar da yaro daidai matakinsa, wadda aka gwada a Kano ƙarƙashin shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa.

Ma'anar wannan ga kasafin kuɗi a fili take. Shirin karatu ta waya da ya ware biliyoyi domin na'urori da manhaja, bai ware komai ba domin katin kira da horar da malamai da ɗan alawus ɗinsu, ya sayi jirgi ne ya manta da matuƙi. Sayen na'ura kwangila ce guda mai kauri, da bikin rarrabawa da hotuna. Biyan malamai dubu kuɗin kira kowane mako aiki ne mai wahalar bi, kuma babu ƙyallen da za a yanka.

Me ake ƙirgawa?

A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, dandalin da aka gina da fasahar Microsoft, mai ɗauke da darussa cikin Turanci da Hausa da Ibo da Yarbanci. Samar da darasi kyauta a harsunan gida ci gaba ne, musamman a ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 masu shekara 5 zuwa 14 ba sa zuwa makaranta. Sai dai adadin da aka fi ji a sanarwa game da irin waɗannan dandamali shi ne na waɗanda suka yi rajista, kuma rajista abu ne da ake iya yi wa aji guda cikin yini ɗaya.

Tazarar da ke tsakanin rajista da koyo tana da faɗi ko a inda komai ya wadata. Wani nazari da Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka wallafa a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa cikin waɗanda suka shiga kwasa-kwasan intanet na jami'o'in Harvard da MIT a zangon 2017 zuwa 2018, kimanin kashi 3 cikin 100 ne suka kammala. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya yi gargaɗin cewa ingantacciyar hujja kan amfanin waɗannan kayayyaki ba ta da yawa, kuma wani kaso mai yawa na hujjar da ake yawo da ita daga masu sayar da kayan yake fitowa.

Don haka idan gwamna ko kwamishina ya sanar da sabon shirin karatu ta waya, akwai alƙaluman da suka fi na rajista faɗin gaskiya. Yara nawa ne suka dawo a mako na huɗu? Nawa ne mata a cikinsu, nawa ne daga wajen babban birnin jiha? An gwada karatunsu kafin a fara da bayan an gama, kuma wa ya yi gwajin, kamfanin da ya sayar ko wani daban? Wa ke biyan data? Idan kwangila ta ƙare, darussan mallakar jiha ne ko na kamfani?

Akwai kuma bayanan yaran. Manhajar karatu tana tattara suna da shekaru da makaranta da lambar wayar iyaye, wani lokaci har da murya da wurin zama. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta neman amincewar iyaye ko mai riƙo kafin sarrafa bayanan yaro a inda ake dogaro da amincewa. Uban da bai iya Turanci ba, aka miƙa masa waya aka ce ya danna wani akwati a ƙarƙashin dogon rubutu, da wuya a kira abin da ya yi amincewa.

Amsoshin yawancin waɗannan tambayoyi suna cikin takardun kwangila da rahotannin sa ido da ke ajiye a ma'aikatu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman su a rubuce ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma bai wa hukumar da aka tambaya kwana bakwai ta amsa.